Yadda Za Ka Gajarta Gaisuwa Ka Zama Babban Patron

Kai mai ƙaramin kasuwanci, da ke mai shirin buɗe naki, ku matso kusa. Idan kana da ma'aikata ko da biyu ne, kuma kana jin har yanzu ba sa yi maka kallon da ya dace da shugaba, to ka zo inda za a share maka hawaye. Alkawari nake maka: ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin tattasan bana ya bushe za ka ga biro ɗinka, wato ofishinka, ya yi tsit, babu mai damunka, babu mai ci maka lokaci. Ni na gwada da kaina, kuma yanzu haka da nake wannan rubutu ko ƙuda ba ya shigo mini.

Sunana Mahamadu, amma duk Diffa Ɗanbaba ake kirana, sunan da na daɗe ina fama a daina. Na gaji mangazar tattasai, wato shagon ajiya da ciniki, daga mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Muna sayen busasshen tattasai daga manoman bakin kogin Komadugu, mata su tsince shi, a niƙa wani, a ɗinke wani a buhu, a loda wa kamiyo, manyan motocin kaya, zuwa Damagaram da Yamai. Ka riƙe suna ɗaya tun yanzu: Ba Laminu na Shetimari. Dattijon manomi ne, aminin mahaifina, kuma duk inda ya kai tattasansa can maƙwabtan gonarsa suke kai nasu. Idan yana tare da kai mangaza ta cika har bakin ƙofa. Idan ya juya maka baya, sai ka share ta ka mai da ita wurin ajiye babura.

Mataki na ɗaya: Je ka yi furmasiyo, wato horo

Shugabanci ba gadonsa ake yi ba, a ɗakin taro mai sanyi ake raba shi. Ka nemi wata ƙungiya mai horar da 'yan kasuwa, ka sa babbar riga, ka zauna a layin gaba inda mai hoto zai same ka. Malamin da ya koyar da mu daga Yamai ya zo, kuma a ranar farko ya faɗi maganar da ta shige ni har ƙashi, cewa lokaci shi ne jarin shugaba. Ka kama magana ɗaya irin wannan, ta ishe ka.

Ba dole ba ne ka zauna har ƙarshe. An ce a ranar rufewa malamin ya yi dogon darasi a kan sauraron ma'aikata da abokan ciniki, amma ni a lokacin ina wajen mai gilashi ina zaɓen gidan da zan sa takardar shaidata. Da na dawo na tambayi wanda ke kusa da ni abin da aka ce. Ya fara yi mini bayani, sai na ga abin zai yi tsawo, na ce masa na gane.

Mataki na biyu: Naɗe tabarma

Mahaifina ya yi kasuwancinsa duka a kan tabarma ɗaya, ƙarƙashin itacen bedi da ke ƙofar mangaza. Kowa ya zo ya zauna, manomi da direba da mai neman inuwa kawai. Wannan ba tsari ba ne. Ka naɗe ta.

Ka sa a yanka maka ɗaki a cikin mangazar, da ƙofa mai rufuwa. Ka sayi tebur da kujera mai juyawa, guda ɗaya tak. Kada ka kuskura ka sa ta baƙo, don masana sun tabbatar da cewa mutumin da ya sami wurin zama yakan tuna da labari. Rufe ƙofar yana da wani amfani kuma: ƙurar tattasai ba za ta same ka ba. Shugaban da ke atishawa gaban ma'aikatansa yana hawaye da majina ya zubar da rabin kwarjininsa.

Tabarmar kuwa ka bayar da ita sadaka. Mala, ɗan kasuwar tattasai da ke tsallaken titi, ya gan ni ina naɗe tawa ya tambaya ko na gama da ita ne. Na ba shi, har ina jin tausayinsa a raina, mutum a wannan zamani yana roƙon tsohuwar tabarma.

Mataki na uku: Yanke gaisuwa

Nan ne zuciyar darasin, sai ka buɗe kunne.

Ka san yadda mutanenmu na kwarin nan suke gaisuwa. Manomi zai zo ya tuɓe takalmi ya zauna. Wushe, wushe. Ina kwana, ina gajiya, ina zafi, ina gida, ina yara, ina gona, ina ruwa, ina sauro, ya hanya. Ka amsa, kai ma ka mayar masa, a yi shiru, a sake ɗaukowa daga farko. Kuma amsar duk ɗaya ce, lafiya lau. Ko jiya gidan mutum ya rushe, lafiya lau zai ce maka. Sai an kawo ruwa ya sha, an ɗora shayi, gaisuwar ta zagaya har ta gaji don kanta, sannan zai dubi ƙasa ya ce, "Sai dai..." To a bayan wannan "sai dai" ɗin abin da ya kawo shi yake, ko rasuwa, ko ciwo, ko kogi ya cika ya cinye gona.

Yanzu ka yi tunani irin na waɗanda suka yi furmasiyo. Tunda amsar farko lafiya lau ce, ta ƙarshe ma lafiya lau ce, me ya sa za a yi ta maimaitawa? Ka ɗauki ta farko ka wuce. Ka tashi tsaye, ka miƙa hannu ɗaya, ido a kan agogo, ka ce, "Lafiya? Gida lafiya? Madalla. Me ke tafe da kai?" Shi ke nan, ka gama. Rakiya ma ka soke ta, ƙofar da mutum ya shigo ta nan zai fita.

Akwai wata riba da malamin bai ma faɗa ba, ni na gano ta. Tun da na fara wannan tsari ban ƙara jin mummunan labari ba. Kowa a Diffa lafiya lau yake.

Mataki na huɗu: Raba maganar aiki da ta gida

A kowace ma'aikata akwai mutum ɗaya da ya san ka tun kana yawo ba wando. Tawa ita ce Ya Kaltumi, shugabar matan da ke tsintar tattasai, wadda ta fara aiki tun zamanin mahaifina. Da irinta za ka fara. Ka sanar da ita cikin ladabi cewa daga yau Patron, wato maigida, za ta riƙa ce maka. Ya Kaltumi ta dube ni daga hula har takalmi ta ce to, Patron ɗin ma Allah ya raya shi.

Sannan ka kafa doka. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ka tambaye shi ko maganar ta aiki ce ko ta gida. Idan ta gida ce, sai bayan an tashi. Kai kuma kafin a tashi ka hau babur ka ɓace, don shugaba ba ya jiran ma'aikata. Abincin rana da ake haɗuwa a ci a tire ɗaya, ka daina sa hannu a ciki, ka sa a kawo maka naka a kula ka ci kai kaɗai. Ba daɗi, gaskiya, amma girma ne.

A masallaci, ana sallamewa ka kara waya a kunne ka fita da sauri, ko da babu kowa a layin. Idan an kira ka da gaske kuma, kada ka ɗauka, ka bari su san kana da aiki. Ni Allah ya taimake ni, a lokacin matata Zainaba tana Damagaram wajen wankan jego, don haka ko a gida babu mai tare ni da labari.

Mataki na biyar: Gwada tsarin a kan babban mutum

Gajarta wa direba gaisuwa ba jarunta ba ce. Sai ka gwada a kan wanda kake jin nauyinsa za ka san ka ƙware.

Ni jarrabawata ta zo wata safiya, tattasai yana kore shar a gona, lokacin da babu manomin da ke da dalilin shigowa gari. Sai ga Ba Laminu a ƙafa, ba buhu, ba amalanke, rigarsa ta yamutse kamar a cikinta ya kwana. Ta taga na hange shi ya tsaya ƙarƙashin bedi yana duban ƙasa inda tabarma take a da. Ya shigo biro, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya waiga dama da hagu yana neman wurin zama.

A nan zuciyarka za ta so ta karaya. Tawa ma ta so. Matarsa Ya Aisa a ɗakinta aka yaye ni, ita ta goya ni har na manta da nono, kuma duk kakar tattasai sai ta ƙullo mini yajin da ta daka da hannunta, nawa ni kaɗai. Amma ka tuna takardar da ke rataye a bango tana kallonka. Na miƙe, na miƙa hannu ɗaya, na tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau. Na tambayi Ya Aisa, ya ce lafiya lau. Na ce madalla, me ke tafe da shi.

Dattijo irinsa ba ya faɗin abin da ya kawo shi a tsaye, ko ruwa bai sha ba.

"Gaisuwa ce kawai, ɗana," ya ce.

Ya sake buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai na ɗaga waya na kara a kunne, na yi masa alama da hannu cewa sai mun ga buhuna. Ya sa takalminsa a hankali ya fita. Na duba agogo na ga ko ruwan shayi ba zai tafasa ba a ɗan lokacin da muka ɗauka. Ranar na ji ni cikakken shugaba, har na juya kujerata sau biyu.

Mataki na shida: Idan ma'aikata suka ɓace, kira reniyo, wato taro

Bayan 'yan kwanaki Ya Kaltumi ta ƙwanƙwasa ta ce akwai magana. Na tambaya ta aiki ce ko ta gida, ta ce ta gida. Na ce ta san doka. Ta tsaya tana kallona wani irin kallo, sannan ta ja ƙofar.

Washegari ko mace ɗaya ba ta zo aiki ba. Kada irin wannan ya tayar maka da hankali, alama ce ta cewa sauyi ya fara kama su. Da suka dawo na tara su a tsaye na yi musu jawabi a kan muhimmancin zuwa aiki da neman izini. Na yi magana mai kyau ƙwarai, har da kalmomin Faransanci. Ɗaya daga cikinsu ma ta rufe fuska da mayafi tana kuka, na ce a raina ko dai jawabin ne ya ratsa ta, ko kuma tattasai ne.

Kada ka tambaye su inda suka je. Tambaya tana jawo amsa, amsa kuma tana cin lokaci.

Mataki na bakwai: Nemo dalili a waje

Kaka za ta zo. Za ka ga amalanke da motoci suna shigowa daga Shetimari, jajayen buhuna har sama, suna rage gudu a ƙofar mangazarka sannan su karya su tsallaka titi. Za ka ga manoman da ka sani tun kana yaro zaune a ƙofar Mala, a kan tabarmar mahaifinka, ana zuba musu shayi. Za ka ga ko ƙullin yajin Ya Aisa bai iso ba bana.

Shugaba na gari ba ya rasa bayani. Ka ce tsadar mai ce. Ka ce hanya ce ta lalace, ko canjin kuɗin tsallaken iyaka, ko kogi da ya yi ambaliya bara. Idan duk waɗannan sun ƙare ka ce hassada. Ni na yi amfani da su duka, kuma sun riƙe ni har ranar da Ya Kaltumi ta shigo ba tare da ta ƙwanƙwasa ba.

Ta zauna a ƙasa, a kan siminti, ta ce ba za ta yi magana ba sai na zauna. Na nuna mata cewa ai a zaune nake. Ta ce na sauko. Na sauko. Ta gaishe ni tun daga ina kwana har ina sauro, ban iya katse ta ba, sannan ta ce ita da matan za su koma wajen Mala, tunda nan babu abin tsinta. Ta ce ba faɗa, ba gaba. Sai ta dubi ƙasa.

"Sai dai abu ɗaya nake so na sani kafin na tafi, Ɗanbaba. Me Ya Aisa ta yi maka?"

Na ce babu komai, ni ma mamaki nake da ban ga yajinta ba bana. Ya Kaltumi ta daɗe tana kallona, sannan ta dafa ƙirji ta yi salati a hankali.

"Ashe ba ka sani ba."

Ta ce ranar da Ba Laminu ya zo, daga asibiti yake, nan cikin gari, tafiyar da ba ta kai a hau babur ba. Ya Aisa ce a kwance, kuma ita ta aiko shi ya kira mata ni, ta ce akwai abin da take so ta faɗa mini. Ya koma ya ce mata ina da aiki. Ba ta daɗe ba ta rasu. Ranar da matan suka ɓace jana'izarta suka tafi, maganar gidan da Ya Kaltumi ta zo da ita kuwa ita ce ko zan tafi tare da su. Duk gari an ɗauka na sani, tunda an ga tsohon ya shiga biro ɗina da ƙafarsa ya fito. Har an yi sadakar arba'in, manoman Shetimari suna duban hanya ko za su gan ni.

A wannan mataki an yarda shugaba ya yi kuka. Na yi, kamar yaron da aka kai yaye, kuma ƙofar a rufe take, babu tattasan da zan ɗora wa laifi.

Mataki na takwas: Kai ta'aziyya a makare

Ka cire agogo ka bar shi a gida. Ka sayi goro da sukari da ganyen shayi. Ka shirya jawabi a hanya, amma ka sani ba za ka yi amfani da shi ba.

Na sami Ba Laminu a gonarsa kusa da injin ban ruwa, jan tattasai a shanye a ƙasa ta ko'ina. Na tuɓe takalmi tun daga nesa. Ina shirin durƙusawa sai ya miƙe tsaye, ya miƙo mini hannu ɗaya.

"Lafiya, Patron? Gida lafiya? Madalla. Me ke tafe da kai?"

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Na yi masa ta'aziyya ina in'ina, ya ce amin, sun gode, Allah ya ba da lada. Ya karɓi goron ya ajiye a gefe. Sannan ya ce kada ya ci mini lokaci, ya sunkuya ya ci gaba da juya tattasansa.

Ka lura da ingancin tsarin. Dattijon da bai taɓa shiga ɗakin taro mai sanyi ba, sau ɗaya kawai aka nuna masa, ya riƙe kalma da kalma. A matsayina na malami ya kamata na yi alfahari. Amma tun da aka haife ni babu zagin da ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan "Patron" ɗin a bakinsa.

Mataki na tara: Riƙa auna ci gaba

Shugaba yana bibiyar sakamako. Ka koma mako mai zuwa, da na bayansa, da na bayan wannan. Ba za a shimfiɗa maka tabarma ba, ka zauna a ƙasa a bakin gona. Idan ka ga ana kwashe tattasai ka tashi ka sa hannu. Za ka yi atishawa har idonka ya kumbura gaban kowa, kuma za ka ga babu wanda ya damu da kwarjininka.

Tattasan bana ya riga ya tafi wajen Mala, wannan an gama. Na baɗi yana hannun Allah da hannun Ba Laminu. Amma ba zan ɓoye maka ba, yanzu ba buhunan ne suke kai ni Shetimari ba. Ya Aisa ta ce akwai abin da take so ta faɗa mini, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san ko mene ne. Irin wannan magana ba a tambayarta, ba a kuma faɗinta a tsaye. Tana can ƙarshen gaisuwa, bayan ruwa, bayan shayi, inda na yanke da hannuna.

Ga rahoton ci gaba. Makonnin farko gaisuwar tsaye ce kawai. Daga baya ya ƙara da ina gajiya. Wata rana da rana ta take, ya dube ni ina zufa ya ce ina zafi, na kusa rungumar sa. Zuwan da na yi na ƙarshe ya tambaye ni gida, har ya tsaya ya ji amsa, ya kuma turo mini butar ruwa da ƙafa. Har yanzu dai Patron yake ce mini.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya sami wanda ya bi matakan nan, ko mangaza ce ta bushe, ko ma'aikata suka tsallaka titi, ko ka wayi gari ka ga wani yana shan shayi a kan tabarmar ubanka. Malamin Yamai ma ba ruwansa, shi ya yi darasinsa har ƙarshe. Shirun biro na yi maka alkawari, kuma za ka same shi. Mai ƙorafi kada ya neme ni a Diffa, kujerar tana nan tana juyawa ita kaɗai. Ka same ni a bakin gonar Ba Laminu, a zaune a ƙasa. Amma idan ka ga tsohon ya ajiye aiki ya nufo inda nake, don Allah ka yi shiru ka ja gefe, don mun kai "ina gida", kuma ban san ranar da zai zauna ya dubi ƙasa ba.